Yadda Za Ka Sa Tashoshin Auna Girgizar Ƙasa Su Riƙa Aiko Da Bayanai Nan Take, Su Sauya Hanya Da Kansu Idan Layi Ya Yanke

Tun bayan motsin ƙasar da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumbar 2016, da wanda ya hana mutanen Mpape barci a Abuja a Satumbar 2018, ɗaliban ilimin ƙasa da masu kula da na'urori a jami'o'i suke ta aiko mini da tambaya iri ɗaya. Sun samu na'urar auna girgiza, sun girka ta a kan fa, tana rubuta abin da ta ji a kati. To yaya za a yi bayanan su riƙa isowa ofis cikin daƙiƙoƙi, kuma idan sabis ya ɗauke su nemi wata hanya ba sai wani ya hau babur ya je ya taɓa ba? Na amsa wa mutum ɗaya ɗaya har na ga gara in rubuta gaba ɗaya.

Ka fara da sanin cewa layi zai yanke, ko da wane kamfani ka ɗauka. Abin da za mu gina tsari ne wanda idan hanya ta mutu zai koma wata, kuma abin da ya taru a tasha lokacin yankewar zai iso daga baya a jere, ba giɓi ba maimaici. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Kayan da za ka tanada

A kowace tasha: na'urar jin girgizar kanta, dijitaiza, wato akwatin da ke mayar da motsin zuwa lambobi, eriyar GPS, rauta mai cin sim biyu, farantin sola da batir da kwanturolan caji, abin kare tsawa. Dijitaiza irin su Centaur na Nanometrics da Minimus na Güralp suna zuwa da SeedLink, wato tsarin aiko da bayanan girgiza nan take ta intanet, a cikinsu, haka ma ƙaramar Raspberry Shake. Q330 na Kinemetrics da RT130 na Reftek suna da nasu yaren, amma manhajar cibiya, wato ofishin da bayanan ke taruwa, tana jin sa.

A cibiya: kwamfuta ɗaya mai Linux wadda ba a kashewa, da adireshin intanet tsayayye, da manhajar SeisComP mai tattara bayanan girgiza da sarrafa su, wadda cibiyar GFZ ta Potsdam a Jamus da kamfanin gempa suke kula da ita. Manhajar kyauta ce, WireGuard da za mu haɗa tasha da cibiya da shi ma kyauta ne. Kuɗin yana ga ƙarfe: cikakkiyar na'ura mai jin girgizar nesa da dijitaizarta dubban daloli ne, Raspberry Shake kuwa daga ɗaruruwan daloli take farawa, sai dai kunnenta bai kai na waccan ba.

1. Yi lissafin data da wuta kafin ka sayi komai

Tashar da aka saba tana auna motsi ta fuska uku, sama da ƙasa, arewa da kudu, gabas da yamma, kowace sau 100 a daƙiƙa. Wato awo miliyan 8.64 a rana a kowace fuska, kusan miliyan 26 gaba ɗaya. Bayan an matse su da tsarin Steim2, kowane awo yakan ci bait ɗaya zuwa biyu, gwargwadon hayaniyar wurin. Abin da zai fita a rana ke nan megabait 25 zuwa 50, a wata kuwa kusan gigabait ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka ƙara abin da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa tasha da cibiya ta cikin intanet, da shiga gyara daga nesa za su ci, ka ware gigabait 3 a wata ga babban layi. Saurin da ake buƙata bai wuce kilobit 5 a daƙiƙa ba. Saboda haka kada a ruɗe ka da layi mai gudu, layi mai juriya kake nema.

Wuta ita ce ta fi kashe tashoshi. Na'ura da dijitaiza za su ci wat 2 zuwa 3, rauta wat 3 zuwa 5. Mu ɗauka wat 8, sau awa 24, wat-awa 192 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na darma ne rabi kaɗai ya kamata ka sha, wato kwana uku ba rana. Ni batir biyu nake sawa, da faranti mai wat 200.

*Gargaɗi:* ƙurar hunturu tana rufe faranti cikin mako biyu, caji ya ragu ba wanda ya sani. Ka yi yarjejeniya da wani na kusa, maigadi ko malamin makarantar da ke wurin, ya riƙa goge shi duk Juma'a, ka kuma biya shi. Sau da yawa na ga ana ta sake girka manhaja alhali batir ne ke mutuwa da asuba, an bar jaki ana dukan taiki.

2. Raɗa wa kowace tasha suna na dindindin

Duk rarrabawar da za a yi nan gaba da suna ake yin ta. Sunan yana da gaɓa huɗu: tsari, tasha, wuri, da kafa, wato layin awon fuska ɗaya. Misali XX.TSH01.00.HHZ. Gaɓar farko haruffa biyu ce, ƙungiyar FDSN ta masu tashoshin girgiza na duniya ce ke bayar da ita, kuma XX na gwaji ne kawai, ba a fita da shi waje. Sunan tasha ba ya wuce haruffa biyar. Idan za ka yi musaya da wasu, ka yi masa rajista a ISC, cibiyar tattara bayanan girgiza ta duniya da ke Ingila, don kada ya ci karo da na wani. A gaɓar ƙarshe, HH na nufin babbar na'ura mai awo 80 ko fiye a daƙiƙa, BH mai awo ƙasa da haka kamar 20 ko 40, LH awo ɗaya, EH kuwa ƙaramar na'ura mai jin girgizar kusa. Harafin ƙarshe fuska ce: Z, N, E.

Sannan ka rubuta takardar shaidar tashar a tsarin StationXML: inda take, tsayinta daga teku, irin na'urar, da yadda take mayar da motsi lamba.

*Gargaɗi:* sunan da ke cikin dijitaiza da wanda ke cikin StationXML dole su zama ɗaya harafi da harafi. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne gaɓa ta uku. Dijitaiza na aiko da 00, takarda kuma an bar wurin babu komai. Bayanai za su riƙa shigowa lafiya, amma manhajar gano girgiza ba za ta ko kalle su ba.

3. Daidaita agogo

Zangon farko na girgiza yana tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa. Idan agogon tasha ya kauce da daƙiƙa ɗaya, ka matsar da girgizar kilomitoci daga inda ta auku. Ka ɗora eriyar GPS inda take ganin sama sosai, ba ƙarƙashin darbejiya ko rufin kwano ba, ka jira dijitaiza ta nuna ta kama tauraron ɗan'adam kafin ka bar wurin. Komai a lokacin UTC, agogon duniya na bai ɗaya, ake rubuta shi. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Kwamfutar cibiya ma ka sa ta a UTC, ka kunna mata NTP mai daidaita agogo ta intanet.

*Gargaɗi:* idan tsohuwar dijitaiza aka ba ku kyauta, ka duba shekarar da take rubutawa. Ranar 6 ga Afrilun 2019 ƙidayar makonnin GPS ta cika 1,024 ta koma sifili, wasu tsofaffin na'urori suka koma baya kusan shekara ashirin. Sai an sabunta musu manhajar ciki.

4. Gina hanyar da ke sauya kanta

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma zan daɗe.

SeedLink yana aiki ne da jawowa: cibiya ce ke ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 18000 a tasha, tasha ta buɗe ta fara zubo bayanai. Matsalar ita ce sim ɗin waya ba ya da adireshin da za a same shi daga waje, kamfani yana ɓoye dubban layuka a bayan adireshi ɗaya. Cibiya ba ta da inda za ta ƙwanƙwasa. Maganin shi ne tasha ce za ta fara kiran cibiya ta VPN, ta bar hanyar a buɗe, sannan cibiya ta biyo ta ciki.

A manhajojin VPN na fi son WireGuard saboda wani hali nasa guda: ba ruwansa da adireshin da tasha ta fito, mabuɗinta yake dubawa. Idan rauta ta bar sim na ɗaya ta koma na biyu, adireshin waje ya canza, amma na cikin VPN yana nan yadda yake. SeedLink bai ma san an sauya layi ba, abin da ya gani kawai ɗan shiru ne. Shawarata ke nan ga kowa: a yi sauyin hanya a ƙasa, a wurin rauta, a bar SeedLink da adireshi ɗaya tak na kowace tasha. Masu ƙoƙarin koya wa SeedLink adireshi biyu na tasha ɗaya su ne ke kwana suna share maimaici.

Ga tsarin yi:

(a) A cibiya ka girka WireGuard, ka ba shi 10.20.0.1, ka buɗe ƙofar UDP 51820. Idan ofishinku ba shi da adireshi tsayayye, ku yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ba a kashewa, a intanet ta zama mahaɗa, kuɗinta daloli kaɗan ne a wata.

(b) Kowace tasha ka ba ta nata rukunin adireshi: ta ɗaya 10.20.11.0/24, ta biyu 10.20.12.0/24, haka har ƙarshe. Rauta ta ɗauki mai ƙarewa da 1, dijitaiza mai ƙarewa da 2. A cibiya ka rubuta wannan rukunin a layin AllowedIPs na tashar.

(c) A rautar tasha ka sa PersistentKeepalive = 25. Wannan ne ke sa ta yi ɗan motsi duk daƙiƙa 25 don kada kamfanin waya ya rufe hanyar.

(d) Ka kunna sauyin layi na rauta. A Teltonika da sauran masu OpenWrt, mwan3 ke wannan aiki. MikroTik ma na da nasa. Ka sa ta riƙa taɓa adireshi biyu na waje duk daƙiƙa 10. Idan ta rasa amsa sau uku a jere ta koma layi na biyu. Kada ta dawo na farko sai ya amsa sau goma ko fiye a jere.

*Gargaɗi a kan (b):* rauta da yawa da 192.168.1.1 suke fitowa daga kwali. Idan ka bar su haka, tashar farko za ta yi aiki, ranar da ka ƙara ta biyu cibiya ta rasa wacce ce wacce.

*Gargaɗi a kan (d):* kada rauta ta dogara da sandunan sabis. Kowa ya san yadda waya ke nuna sabis a cike amma saƙo ya ƙi tafiya. Amsa daga waje ita ce shaida. Kuma idan ka sa ta saurin dawowa, layi mai farfaɗiya zai sa ta yi ta kai da komo, bayanai su fi yankewa fiye da idan layi ɗaya ne.

Sim biyun su zama na kamfanoni daban. Ko hakan ma bai isa ba, domin kamfanoni kan yi tarayya a turke ɗaya, idan janaretan turken ya tsaya duka biyun sun tafi tare. Ka tambayi mutanen garin: idan wannan layi ya ɗauke, wane ne ke saura? Sun fi kowace taswira sani. Inda turke ɗaya ne kaf, hanya ta biyu sai dai rediyon gigahaz 5 zuwa wani gini da ake hangowa, ko tauraron ɗan'adam, shi kuma ka tuna yana cin wuta ninkin abin da muka lissafa.

Ka kuma san cewa rauta mai sim biyu da modem ɗaya sai ta saki ɗaya take kama ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa, sauyin kan ɗauki minti ɗaya ko fiye. Mai modem biyu tana riƙe duka a kunne, ta sauya cikin daƙiƙoƙi, amma ta fi tsada ta fi cin wuta. Ga tashar bincike, mai modem ɗaya ta wadatar.

Akwai abin da ya taɓa cin mini kwana biyu. Wata tasha a kan dutse, tafiyar awa huɗu daga ofis, ta yi shiru bayan ruwan dare. Na isa na buɗe akwatin, fitilun rauta duk kore, intanet na aiki, amma VPN ya ƙi haɗuwa. Ashe batir ya faɗi da asuba, rauta ta mutu ta tashi da agogon da ya koma baya, domin ba ta da ɗan batirin riƙe lokaci. WireGuard kuwa yana ƙin gaisuwar da lokacinta ya gaza na wadda ya karɓa a baya. Ni kuma na saita rautar ta nemi lokaci daga cibiya, ta cikin VPN ɗin da ya ƙi buɗewa. Ka sa rauta ta ɗauki lokaci daga intanet kai tsaye, ko daga dijitaiza idan tana bayarwa.

Abu na ƙarshe a nan: sim na biyu da ke kwance wata da watanni ba a taɓa shi ba, datarsa na ƙarewa, kamfani ma na iya rufe shi. Ka yi masa rajista da sunan hukuma, ka sa rauta ta bi ta kansa na ƴan mintuna duk mako. Idan haɗi ya yi amma manyan ƙunsoshi na maƙalewa, ka rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai ɗaya, daga 1420 zuwa 1280.

5. Haɗa SeedLink na cibiya

Bayan `seiscomp setup`, ka shigar da takardar tasha da `seiscomp exec import_inv fdsnxml tasha.xml`. Ka buɗe scconfig, manhajar saitin SeisComP, a sashen ɗaure manhaja da tasha ka ba tashar seedlink da waɗannan:

sources = chain
sources.chain.address = 10.20.11.2
sources.chain.port = 18000
sources.chain.selectors = HH?.D

Idan Q330 ce ko Reftek, sai ka zaɓi q330 ko reftek a maimakon chain, wanda shi na jawowa daga wani SeedLink ne. Daga nan `seiscomp enable seedlink slarchive`, sai `seiscomp update-config`, sai `seiscomp restart`. Ka duba da `slinktool -Q localhost`. Zai jero kowace kafa da lokacin ƙunshinta na ƙarshe.

Kada ka firgita idan ka ga jinkirin daƙiƙa huɗu ko biyar. Bayanan a ƙunshin miniSEED mai bait 512 suke tafiya, ba a sakin ƙunshi sai ya cika, kuma yakan ɗauki awo kamar 400. A awo 100 a daƙiƙa, daƙiƙa huɗu ke nan. A kafar LH kuwa ya wuce minti shida, kuma lafiyarta lau.

*Gargaɗi:* duk gyaran da ka yi a scconfig bai shiga ba sai ka yi update-config ka sake kunna manhajar. Wannan mantuwar ta fi kowace yawa.

6. Faɗaɗa rumbu, ka shirya cike giɓi

Kowane ƙunshi yana da lambar jeri. Idan haɗi ya dawo, cibiya na cewa tasha: na tsaya a lamba kaza, ci gaba daga nan. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan ƙunshin yana nan a rumbun tasha, ba a rubuta wani a kansa ba. Rumbun zagaye yake yi, sabo na ture tsoho.

Mu auna. SeedLink na SeisComP yana zuwa da segments 50 da segsize 1000, wato ƙunshi 50,000 ga kowace tasha. Kafa uku a awo 100 suna haifar da ƙunshi kusan 65,000 a rana. Rumbun bai kai kwana ɗaya ba ke nan, awa 18 ne da ɗoriya. Layin da ya yanke ranar Juma'a da yamma aka gyara Litinin ya tafi da fiye da rabin bayanan. Idan akwai ƙaramar kwamfuta a tasha mai SeedLink, ka ɗaga segments zuwa 500, kwana bakwai ke nan da wani abu, kuma bai fi megabait 256 ba. Idan dijitaiza ce ke bayarwa da kanta, ka duba littafinta ka ga zurfin abin da take iya maimaitawa. Rumbun cibiya ma ka faɗaɗa shi, saboda masu jawowa daga wurinka.

Sai dai cike giɓi na da farashi. SeedLink a jere yake bayarwa, tsoho kafin sabo. Tashar da ta yi awa 10 a yanke ta tara kusan megabait 20. A 4G wannan aikin minti ɗaya ne ko biyu. A layin ƙauye mai kilobit 40 kuwa, sai ta yi kusan awa ɗaya da rabi kafin ta kamo yanzu, kuma duk wannan lokacin ba ta da amfani ga gano girgizar da ke faruwa. Ga irin wannan tasha ka raba aikin biyu. Ka sa dijitaiza ta fitar da BH mai awo 20 tare da HH. Cibiya ta riƙa jawo BH kaɗai nan take, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar. HH kuma a kwaso shi da tsakar dare da rsync ko sftp, a tace da `scmssort -u` don jerawa da cire maimaici, a zuba a taska da scart. Ka dai sani awo 20 ba ya kama ƙananan girgizar kusa da kyau, don haka tashoshin da ke kewaye da inda kuke sa ido su ne za a nema wa layi mai kyau su zauna a HH.

*Gargaɗi:* idan da hannu kake kunna slarchive, mai zuba bayanai a taska, ko slinktool, ka sa `-x` da sunan fayil. A nan yake ajiye lambar da ya tsaya. Ba tare da shi ba, duk tashi daga yanzu yake farawa.

7. Rarraba: wa zai karɓi me

Yanzu komai ya taru a SeedLink ɗaya, kowa daga nan zai sha. Kada kowa ya taɓa tasha kai tsaye sai cibiya. Duk wanda ya jawo daga tasha ya ninka kuɗin datar sim ɗinta.

Taska: slarchive na rubuta fayil ɗaya ga kowace kafa a kowace rana, a tsarin SDS. *Gargaɗi:* yana zuwa da keep = 30, wato bayan kwana 30 a share. Ka canza shi tun ranar farko, ka kuma riƙa kwafe taskar zuwa wani faifai a wani gini.

Masu sarrafawa: scautopick na tsinto isowar zango, scautoloc na lissafa wuri, scevent na tattarawa. Ka nuna musu mashaya da `combined://slink/localhost:18000;sdsarchive//home/sysop/seiscomp/var/lib/archive`, su ɗauki sabo daga SeedLink, tsoho daga taska, ba sai an gaya musu ba. Ka lura scautoloc yana jiran tsinto shida kafin ya ce ga girgiza. Mai tasha huɗu zai jira har abada idan bai rage wannan ba ko bai ƙaro tashoshin maƙwabta ba.

Maƙwabta: cibiyoyin bayanan girgiza na GEOFON da EarthScope, wadda a da ake kira IRIS, suna da SeedLink a buɗe ga kowa a ƙofa 18000. Ka yi musu `slinktool -Q` ka ga waɗanda ke raye cikin tashoshin yankinmu, irin su KOWA a Mali da TAM a Tamanrasset ta Aljeriya, ka ƙara su da chain kamar naka. Tashar Torodi a Nijar ta tsarin sa ido kan gwajin nukiliya ce, bayananta ta hannun cibiyar bayanai ta ƙasa ake samu. A Najeriya kuwa Cibiyar Toro a Jihar Bauchi, da ke ƙarƙashin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, ita ke riƙe da tashoshin ƙasa, kuma ya kamata duk jami'ar da ta kafa tasha ta nemi yin musaya da ita a rubuce. Tashoshinmu sun yi kaɗan da za a ce kowa ya rungume nasa.

Wanda za ka ba shi bayanai, ka rubuta adireshinsa a layin access na seedlink, kada ka bar ƙofar ga duniya sai da niyya.

Cibiya ta biyu: idan kuna da saba a wani gari, ta jawo daga ta farko, amma ita ma a rubuta ta a WireGuard na tashoshin, don ranar da ta farko ta mutu a juya ta kansu kai tsaye. *Gargaɗi:* kada ta farko ta jawo tasha daga ta biyu alhali ta biyu ma daga ta farko take jawo ta. Ƙunshi ɗaya zai yi ta zagaye yana cika taska. Inda dole tasha ta shigo ta hanya biyu, ka sa overlapRemoval, saitin cire maimaici, a full, ka kuma riƙa duba taskar.

8. Sa masu gadi

`seiscomp print crontab` zai ba ka layukan da za ka zuba a crontab, jadawalin ayyukan da Linux ke yi da kansa, ciki har da mai duba manhajoji duk minti uku ya tayar da wadda ta faɗi. Ka kunna scqc ya riƙa auna jinkiri da giɓi da ingancin agogo. Ka rubuta ɗan umarnin da zai karanta `slinktool -Q` ya turo maka saƙo idan tasha ta wuce minti 15 shiru. A rauta ka kunna sake tashi da kanta idan duka layukan sun ƙi amsawa tsawon rabin awa. Ka kuma jawo kafar ƙarfin batir daga dijitaiza. Batirin da kullum da asuba yake sauka ƙasa da bolt 12 yana gaya maka mutuwarsa ta kusa tun da sauran lokaci.

*Gargaɗi:* saƙon sanar da girgiza da scalert ke fitarwa ya tsaya ga ma'aikata. Wurare irin su Mpape cike suke da masu fasa dutse, kuma nakiya na iya bayyana kamar ƙaramar girgiza. Mutum ya duba zanen da idonsa, ya duba ko lokacin aiki ne, kafin wata magana ta fita. Jama'ar da aka firgita sau biyu a banza ba za su saurare ka a karo na uku ba.

9. Gwada shi a kan tebur kafin ka kai daji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa komai a ofis, da batirinsa da sim ɗinsa, ya yi mako guda. Ka buɗe scrttv, mai nuna zanen girgiza a allo nan take, kana kallon zanen, sannan ka yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta lokacin da kowanne ya ɗauka.

Zare sim na farko: zanen ya tsaya, ya dawo cikin minti biyu, giɓin ya cike da kansa. Mayar da shi, ka ga ko rauta ta yi haƙurin da ka saita kafin ta koma. Zare duka biyun na awa shida, ka mayar, ka auna tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta kamo yanzu. Cire batir gaba ɗaya na minti goma, ka mayar, kada ka taɓa komai, ka tsaya ka ga ko VPN zai haɗu. Kashe kwamfutar cibiya daga soket, ka kunna. Rufe eriyar GPS da kwano na awa biyu, ka ga ko scqc ya nuna agogo ya raunana.

Washegari ka buɗe fayilolin taska na ranar, ka duba ko akwai giɓi ban da mintunan da batir ya fita, ka duba ko akwai ƙunshin da ya shigo sau biyu. Idan ɗaya daga cikin gwajin ya buƙaci hannunka kafin ya dawo, ka koma matakin da ya shafa ka gyara, ka sake gwajin daga farko. Ranar girkawa kuma ka maimaita na zare sim da na cire batir a can kan dutsen, abokin aikinka yana ofis yana kallon allo kuna waya, kuma kada ka kulle akwatin sai ya ce maka ya ga giɓin ya cike.